Gadar Lugga: Daga Dungurum Zuwa Ƙofar Gamji

A bakin Kogin Kaduna, inda mutanen gari suke kira Ƙofar Gamji, akwai wani lambun shaƙatawa wanda aka sa wa sunan marigayi Janar Hassan Usman Katsina, Gwamnan soja na tsohuwar Jihar Arewa. A cikin wannan lambu ne wata 'yar ƙaramar gada ta ƙarfe take. Tsawonta mita 14 ne da 'yan kai, watau wajen ƙafa 46, faɗinta kuwa bai cika mita 2 ba. Mota ba ta hawanta, amalanke ma sai da dabara. In mutum biyu suka jera kafaɗa da kafaɗa sun cika ta. Wanda ya saba ƙetare manyan gadojin da ke kan Kogin Kaduna, idan aka nuna masa ita aka ce wannan ce gadar da ake ta labari, ba mamaki ya yi dariya.

Amma fa wannan 'yar gada ta girmi garin Kaduna kansa, ta kuma girmi Nijeriya da shekara goma cur. Cikin shekarar 1904 aka kafa ta, can a Zungeru, garin da kakanninmu suke kira Dungurum, cikin Jihar Neja ta yanzu. Wanda ya sa aka kafa ta shi ne Frederick Lugard, Baturen da Hausawa suka sani da Gwamna Lugga. Gada dai an san ta da zama wuri guda, jama'a su zo su wuce su bar ta. Ita wannan ƙaura ta yi, ta bi gwamnati zuwa sabon gari, ta bar rafin da aka yi ta dominsa. To, yadda aka yi haka ta faru, da abin da ya kamata mu yi da ita yanzu, shi ne za mu duba.

NEMAN MAZAUNI

Ran 1 ga watan Janairu na 1900 aka sauke tutar Kamfanin Neja a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila. Gwamnatin Ingila ta biya kamfanin fam 865,000, ta karɓi ƙasashen da yake da'awar nasa ne, ta naɗa Lugga ya zama Babban Kwamishina. A kan takarda ƙasar ta kama tun daga Kogin Kwara har Tafkin Chadi. A zahiri kuwa ikon Turawa bai wuce bakin kogi ba, domin Sakkwato da Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi duk suna hannun masu su, ba wanda ya tambaye su kafin a yi cinikin.

Lakwaja ta yi kudu da yawa ga mai niyyar cin ƙasar Hausa. Aka zauna Jabba na ɗan lokaci, ita ma ba ta gamsar ba. Cikin 1901 sojojin Lugga suka ci Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim ya fice, suka kuma ci Bida. Wannan ya buɗe musu kwarin Kogin Kaduna, wanda ya gangaro daga arewa ya haɗu da Kwara a ƙasar Nufe. Da damina ƙananan jiragen ruwa suna iya haurowa cikinsa har kusa da Wushishi. Daga nan kuwa an kama hanyar Zazzau da Kano. Saboda haka aka zaɓi wani fili kusa da ƙauyen Dungurum, a cikin ƙasar Gwari, inda babu wani babban sarki da zai yi gogayya da Gwamna, aka tare a can cikin 1902.

Abin sha'awa shi ne, jirgin ƙasa na farko da ya fara gudu a Arewa saboda wannan gari aka yi shi. Wani siririn dogo ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, aka shimfiɗa shi cikin 1901 daga Wushishi zuwa Zungeru, tafiyar mil 12. Da aka ga ruwan kogi yakan ja baya da rani har jirage su kasa isowa Wushishi, sai aka ƙara mil 10 zuwa Barijuko. Duk wani kaya na gwamnati, daga kwanon rufi har akwatin harsashi, ta wannan hanya yake isowa.

Shi filin da aka zaɓa, wani rafi ne ya ratsa shi, sunansa Dago, wanda yake zuba cikin Kogin Kaduna. Gidan Gwamna yana wannan ƙetare, sauran barikin yana wancan. Wanda ya san rafukan wannan yanki ya san halinsu: da rani yaro ma ya tsallake, amma in aka kwana ana ruwa cikin watan Agusta, doki sai ya yi turjiya. Ba zai yiwu a ce mai mulkin ƙasa ya zauna yana jiran ruwa ya janye kafin takarda ta iso teburinsa ba. Dalilin gadar ke nan, ba wani abu ba.

A wancan zamani babu masana'antar da ke zuba irin wannan ƙarfe a ƙasar nan. Maƙeranmu suna narka tama tun kafin a san da Ingila, amma fartanya da takobi da linzami suke yi. Irin waɗannan gadoji a Turai ake ƙera su gunduwa-gunduwa, a huda ramukan ƙusoshi, a ɗaure su dami-dami a sa a jirgi, in sun iso sai a harhaɗa kawai. Mai karatu ya kwatanta tafiyar a ransa: daga teku a sauke a bakin Kwara, a loda wa jirgin kogi ya hauro ta Lakwaja, a shiga Kogin Kaduna, a sauke a Barijuko, a ɗora wa ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, sa'an nan a ɗora a kan mutane. Kowane zango da hannun baƙin mutum a ciki, daga Nufawa masu tuƙin kwalekwale zuwa 'yan alaro da leburori, kuma an san ba dukkan leburorin wancan lokaci ne suka zo da son ransu ba, da yawa hakimai da dagatai aka ɗora wa su kawo su. Sunan Lugga ne ya bi gadar. Waɗanda suka ɗauki ƙarfen a ka, suka haƙa ramin ginshiƙanta, sun tafi da sunayensu.

ABIN DA YA ƘETARE TA

Kada mai karatu ya ɗauka ta kan wannan gada umurnin cin Kano da Sakkwato ya bi. Wannan ya riga ya wuce kafin a kafa ta. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1903 sojojin Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Ran 15 ga watan Maris aka yi karon Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a ta bi shi, har aka cim masa a Burmi ran 27 ga watan Yuli ya yi shahada. Duk a Dungurum aka shirya waɗannan, amma gadar ta zo ne bayan an ajiye manyan bindigogi an ɗauki alƙalami.

Mu a ganinmu aikin alƙalamin nan ya fi na bindiga nisan zango. Cikin shekarun da suka biyo baya ne aka zauna a Dungurum aka tsara yadda za a mallaki ƙasa mai faɗi haka da Turawa 'yan ƙalilan. Aka ce sarakuna su ci gaba da sarauta, amma Gwamna ne mai naɗawa da tuɓewa, kuma kowane sarki da Razdan a gefensa. Aka tattara kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da talakawa suka saba biya aka mai da su haraji guda, aka raba shi tsakanin sarki da gwamnati. Aka bar alƙalai su yi shari'a, amma aka ƙayyade musu iyaka. Dokar haraji da ta kotunan alƙalai duk sun fito cikin 1906, a shekarar ne kuma aka tara umurce-umurcen da Lugga yake rubuta wa Razdan-Razdan aka buga su littafi guda. Abin da daga baya ya zama mulkin En'e, wanda iyayenmu suka rayu a ƙarƙashinsa har bayan samun 'yancin kai, a nan aka yanke masa cibiya. Lugga mutum ne mai cin aiki, ba ya gajiya da rubutu, kuma ba ya son a yanke ko da ƙaramar magana ba da saninsa ba. Tun da gidansa yana ƙetaren Dago, ba sai an faɗa ba, masinjoji da akawuna da tafintoci sun sha safa da marwa a kan katakon nan.

Wani labari da ya iso Dungurum cikin watan Fabrairu na 1906 ya kusa rushe ginin duka. Mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, suka tayar, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka kama bindiga mai ruwa. A lokacin yawancin sojojin Lugga suna can ƙasar Tibi wajen wani yaƙin. Aka kira su da gaggawa, aka tura runduna daga Dungurum. Ran 10 ga watan Maris aka auka wa Satiru, aka kashe mutum wajen 2,000, mafi yawansu da fartanya da gatari suka fito, aka ƙone garin, ba a sake zama cikinsa ba. Ko a Ingila sai da waɗansu ma'aikatan Ofishin Mulkin Mallaka suka ƙyamaci abin. Wanda zai tsaya a kan gadar nan ya ɗauki hoto, ya kamata a ce ya san da wannan.

Amma ba sojoji da Razdan kaɗai ne a Dungurum ba. Gwamnati tana bukatar masu karatun boko, a Arewa kuwa a lokacin babu su, sai aka ɗauko akawuna daga Kudu da Saliyo da ƙasar Gana ta yanzu. Ɗaya daga cikinsu wani mutumin Onitsha ne, wanda aka haifa masa ɗa namiji a Zungeru ran 16 ga watan Nuwamba na 1904, watau a shekarar da aka kafa gadar. Yaron ya tashi da Hausa a bakinsa. Shi ne Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama Gwamna-Janar cikin 1960, ya zauna kujerar da Lugga ya fara zama, sa'an nan ya zama Shugaban Ƙasa na farko cikin 1963. A garin ne kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu cikin 1933, wanda ya ja Biyafara yaƙin raba ƙasa. Ikon Allah ke nan, gari guda ya ga wanda ya ɗinka ƙasar, ya haifi wanda ya gaje ta, ya kuma haifi wanda ya nemi farke ta. Har wa yau akwai wani gida da gwamnati ta buɗe a garin domin yara da matan da aka ƙwato daga hannun fataken bayi, wanda ya yi aiki har 1909 sa'ad da aka miƙa yaran ga 'yan mishan.

Shi kansa mai gadar bai more ta da yawa ba. Matarsa Flora Shaw, 'yar jaridar da ta ba da shawarar sunan Nijeriya cikin 1897, ta zo ƙasar bayan aurensu a 1902, ciwo ya kama ta, ta koma Ingila. Cikin 1906 Lugga ya ajiye aiki, shekara ta zagayo aka ba shi Gwamnan Hong Kong. Percy Girouard ya gaje shi, bayansa Hesketh Bell, su ma suka yi zamaninsu a ƙetaren Dago.

YADDA DOGO YA KASHE GARI

Girouard injiniyan jirgin ƙasa ne, kuma aikin da aka kawo shi yi ke nan. Cikin 1907 aka fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Zariya, ya isa Kano cikin 1911. Wanda ya taso daga Ikko kuma ya bi ta Jabba da Zungeru ya haɗu da shi a Minna. Da haka ɗan siririn dogon Barijuko ya zama ba shi da amfani, aka tumɓuke shi aka kai shi aikin dogon Zariya zuwa Jos, na ɗaukar kuza. Mai karatu ya lura da wannan hali na Turawan mulki: ba sa barin ƙarfe a daji. Abin da aka sha wahalar kawowa daga teku, in ya gama aiki a nan sai a kwance shi a kai shi gaba.

Lugga ya dawo cikin 1912 da umurnin haɗa Kudu da Arewa. Babban dalili kuwa na kuɗi ne, domin Arewa ba ta da tashar teku, kuɗin shigarta ba ya isarta, kowace shekara sai baitulmalin Ingila ya cika mata, alhali Kudu tana da rarar kuɗin kwastan. Ran 1 ga watan Janairu na 1914 aka haɗa su, Lugga ya zama Gwamna-Janar. A lokacin Dungurum ce hedkwatar Arewa, amma an riga an yanke mata hukunci. Turawa suna kukan zafi da sauro da yawan zazzaɓi. Kuma tun da dogo ya zo, kogi ya daina zama dalilin zaɓen gari. Sai aka dubi inda dogon Kano ya ƙetare Kogin Kaduna can arewa, wuri mai tudu da iska da ruwan sha, tsakiyar ƙasa, kuma ba a cikin birnin wani sarki ba. Sojoji suka fara yin gaba, ma'aikata suka biyo baya, cikin 1917 Kaduna ta zama hedkwata. Sunan kogin aka ba garin. Hausawa sun ce daga kada ne, saboda yawan kadojin da ke ciki, Gwarawa kuwa, waɗanda aka tarar a wurin, suna da tasu fassarar.

Lugga ya so ƙwarai a ce Kaduna ce babban birnin Nijeriya duka. Wanda ya gaje shi cikin 1919, Hugh Clifford, bai yarda ba, aka bar Ikko da matsayinta. Sai cikin 1976 gwamnatin Janar Murtala ta komo kan maganar neman tsakiyar ƙasa, aka zaɓi Abuja, ita ma a ƙasar Gwari.

Da gwamnati ta tashi, Dungurum ta koma tashar jirgin ƙasa kawai. Gidajen da aka bari suka zube, ciyawa ta rufe harsashinsu, gidan Gwamna ya saura ginshiƙai tsaye a fili. Gadar Dago ta rasa mai ƙetare ta, domin babu kowa a wancan ƙetaren. Daga baya aka kwance ta, aka kawo ta Kaduna, aka sake ɗaure ta cikin lambun gwamnati na bakin kogi. Abin da ya sa ta tsira shi ne yadda aka ƙera ta tun farko. Da ta ƙasa ce ko ta dutse, da tana can ta bi gidan Gwamna.

SHEKARAR 1956

Kula da kayan tarihi a ƙasar nan ya faro ne daga wani malamin zane, Kenneth Murray, wanda aka ba wannan aiki cikin 1943, da abokin aikinsa Bernard Fagg, mai binciken gumakan Nok, wanda ya buɗe gidan kayan tarihi na Jos cikin 1952. Cikin 1953 aka yi dokar da ta ba hukuma ikon ta ce wuri kaza ya zama abin tarihi na ƙasa, ba mai rushe shi ko ya sāke masa kama sai da izini. Ran 16 ga watan Fabrairu na 1956 aka sa gadar Lugga cikin wannan jeri. Tana cikin na farko-farko, tare da irin su Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, ginin Babban Gwani.

A duba lokacin da kyau. A cikin makwannin nan ne Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Nijeriya, aka yi mata gagarumin hawan daba a Kaduna. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana Firimiya tun 1954, Sir Bryan Sharwood-Smith, Mai Wandon Ƙarfe, yana Gwamna. Kowa ya san mulkin Turawa ya kusa ƙarewa. Ba abin mamaki ba ne masu shirin tafiya su so a adana wani abu na wanda ya kafa musu mulkin. Bayan shekara uku Arewa ta sami mulkin kanta, aka kuwa zaɓi ran 15 ga watan Maris na 1959, ranar da ta yi daidai da faɗuwar Sakkwato shekara 56 da suka wuce. Shugabannin wancan zamani sun san abin da suke yi da kwanan wata. Duk da haka ba su tumɓuke gadar ba, ba su kuma kankare sunan Lugga daga zauren majalisa na Kaduna ba. Daga baya ma sai aka shafe gadar da fenti kore da fari, launin tutar ƙasar da ta kori masu ita. Lambun kuwa jama'a suka laƙaba masa Gamji, sunan da ake yi wa Sardauna kirari da shi, kafin a sa masa sunan Janar Hassan, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya rasu cikin 1995. Gwamnan farko na Arewa da Firimiyanta da Gwamnanta na ƙarshe, ga su duk a fili guda.

A AJIYE KO A ZUBAR?

Akwai masu ganin cewa ba mu da wata hujja ta kashe ko kwabo wajen adana kayan mutumin da ya ci ƙasarmu da yaƙi. Maganarsu ba ta banza ba ce, kuma ba a nan kaɗai ake yin ta ba. Cikin 2015 ɗalibai suka sa aka ɗauke gunkin Cecil Rhodes daga Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu. Cikin 2020 mutanen Bristol a Ingila suka tumɓuke na Edward Colston, wani attajirin cinikin bayi, suka jefa shi a ruwa. Wanda kakansa ya kwanta a Burmi ko Satiru, ba za a ce masa ya yi sha'awar sunan Lugga ba.

Amma gunki daban, gada daban. Shi gunki domin girmamawa ake yin sa, a ɗora mutum a bisa a ce ku dube shi. Gada kuwa kayan aiki ce, kamar akwatin ma'aji ko sandar ɗan doka, shaida ce ta yadda aka gudanar da mulkin. Ƙanƙantarta ma darasi ce. Yaron makarantar da aka kai shi ya ga cewa daga bayan wannan 'yar gada aka juya ƙasar da ta kama daga Ilori har Borno, dole ya yi tambaya: yaya aka yi mutane kaɗan haka suka iya? Amsar za ta kai shi ga bindiga mai ruwa, da rashin haɗin kan sarakunan lokacin, da sojojin Lugga waɗanda galibinsu Hausawa ne da Yarabawa, da kuma dabarar mulki ta hannun masu ƙasa. Waɗansu daga cikin amsoshin ba su da daɗin ji, shi ya sa ya fi kyau a ji su.

Abin tsoro ma ba masu son a tumɓuke ta ba ne. Sakaci ya fi su saurin aiki. Dokar 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta ɗora mata kula da irin waɗannan wurare, amma suna cikin littafin hukuma bai taɓa hana ruwan sama sauka ba. A Ikko akwai wani tsohon bene kusa da Dandalin Tinubu, ana kiransa Ilojo Bar, ginin bayin da suka komo daga Barazil, wanda shi ma cikin 1956 aka sa shi a jerin. Ran 11 ga watan Satumba na 2016, jajibirin Babbar Salla, aka kawo katafila aka baje shi cikin yini guda. Badalar Kano tana cikin jerin, kowa kuwa ya ga yadda aka yi ta cinye ta da gine-gine da haƙar ƙasa. Ita gada ba ta bukatar katafila. Ƙarfe ne da katako a bakin kogi. In aka yi 'yan shekaru ba a kankare tsatsa an shafa fenti ba, ba a sauya katakon da ya ruɓe ba, ita da kanta za ta durƙusa, masu sayen tsohon ƙarfe kuma ba su da nisa. Wani abin da ke kawo cikas shi ne, gadar amanar hukumar Tarayya ce, filin da take ciki kuwa na Jiha ne, kuma an san abin da kan sami jakin da ke da iyayengiji biyu.

Sa'an nan ga haƙƙin mutanen Zungeru. In suka ce gadarsu ce a mayar musu, ba za a ce sun yi ƙarya ba, domin a can take da ma'ana, a kan Dago, kusa da ginshiƙan gidan da aka yi ta dominsa. Garin ya ga an gina babbar madatsar ruwa mai ba da lantarki megawat 700 a kusa da shi, wadda aka fara cikin 2013, amma kangayen barikin Lugga ba su sami irin wannan kulawa ba. Mu dai ba mu goyi bayan a sake kwance ta ba. Ƙarfen da ya haura shekara 120 ba ya son yawan taɓawa, kuma zamanta a Kaduna ya riga ya zama wani babi na tarihinta, ga shi nan ne ɗalibai da baƙi suka fi samun ganinta. Abin da ya fi dacewa shi ne a gyara abin da ya saura a Zungeru, a sa alama a inda gadar ta fara tsayawa, Jihohin Neja da Kaduna su haɗa hannu da hukumar Tarayya a kan wannan.

A Ƙofar Gamji kuma a kafa babban allo a gindinta, da Hausar boko da ajami da Turanci, domin mai zuwa yawon Salla da 'ya'yansa ya karanta musu. A rubuta shekarar 1904 da sunan rafin Dago. A rubuta Barijuko da Wushishi, da leburorin da suka ɗauko ta. A rubuta Satiru, da ranar 10 ga watan Maris na 1906.